Mangwaron Gabas da Eriya

Tashar da Injiniya ke kula da ita ba jirgi ke sauka a cikinta ba, ba kuma mota ke lodi ba, shi ya sa ya gaji da yi wa dangi bayani. Ɗaki ne guda a tsakiyar fili, an kewaye shi da waya. A ciki akwai akwatunan ƙarfe masu ƙyafta fitilu, da na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa. A bayan ɗakin akwai hasumiyar ƙarfe, a ƙolinta an kafa wata farar eriya kamar an kife kwano. Wannan eriya ta san inda take a doron ƙasa, an auna an sake aunawa, ko faɗin farce ba ta gusawa. Aikinta shi ne ta saurari taurarin ɗan'adam suna gaya mata inda take, ta kama ɗan kuskuren da suka yi, ta tura shi ta layin kwamfuta zuwa cibiya a babban birni. Can ake haɗa nata da na sauran tashoshi 'yan'uwanta, a aika wa jiragen da ke sama gyara, don matuƙin da zai sauka cikin ruwa da gajimare ya san ainihin inda titinsa yake.

In ya kawo nan a bayani, yawanci mai tambayar ya riga ya fara hamma. Matarsa ce ke taƙaita musu. "Gadin kwano yake yi," in ji ta.

Gidan ma'aikaci yana gabas da tashar, bayan shingen waya. Sun zo shi da ƙuruciyarsu, lokacin babu komai a wurin sai tsakuwa da iska da kukan janareta. Matar ta sha kuka a makon farko, ta ce ya kawo ta ƙarshen duniya. Da ta gaji da kukan sai ta ɗauki ƙwallon mangwaro za ta binne a tsakar gida. Shi kuwa ya fito da igiyar awo, ya auna daga gindin hasumiya, ya ce ta matsa baya. Ta matsa, ya ce ta ƙara, har sai da ya kai ta bakin katanga. Ƙa'idar aikinsu ke nan, ba a son abu mai tsayi kusa da eriya, domin saƙon da ke saukowa daga sama kan bugi abu ya karkace kafin ya iso. A ranar, matar ta sa ya yi mata alkawari cewa tunda ta bi awonsa, ba zai taɓa ɗora ƙarfe a kan bishiyar ba sai da saninta. Ya yi dariya ya ce ya ji. Abin da ake wa alkawarin ko tsiro bai yi ba tukuna.

Bishiyar ta girma fiye da yadda igiyar awo ta zata. 'Ya'yansu sun tashi a ƙarƙashinta, sun faɗo daga kanta, sun girma sun watse. Matar kuwa a nan take ɗinkinta, a nan take sauraren rediyo, a nan take karɓar baƙi. Masu kawo saƙo ba sa cewa gidan Injiniya, gidan mai mangwaro suke cewa, abin da ke ɗan sosa masa rai ko da bai faɗa ba.

Akwai kuma wani abin da bai faɗa ba, wanda ya fi wannan girma. Tun bara Injiniya bai hau hasumiya ba. Wata safiya ya hau zai goge kashin tsuntsu daga kan eriya, yana tsakiyar tsani sai ya ga fili ya juya, ɗaki da shinge da gidansa duk suka tafi gefe guda. Ya rungume ƙarfe, ya daɗe a haka kafin ya lallaɓo ƙasa. Bai gaya wa likita ba, bai gaya wa ofis ba, bai gaya wa matar da ke haɗa masa ruwan wanka ba. A saninsa, mai kula da tasha dole ya iya hawa. Wanda ya kasa, tebur ake ba shi a birni ya yi ta zama har ritaya ta zo, a kawo wani cikin gidan. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in ka ce musu sun tsufa, sai su ɗauki batir mai nauyi a gabanka don ka janye maganarka. Tun daga ranar, a ƙasa yake tsayawa ya ɗaga kai ya ƙare wa eriya kallo, ya ce lafiyarta ƙalau.

Ana haka autarsu ta haihu a wani gari mai nisa, uwar ta haɗa kaya ta tafi. Ta bar masa firiza cike da abinci da kunne cike da umarni. Bana mangwaron ya yi 'ya'ya fiye da kowace shekara, har sai da aka tokare wani reshe da itace don kada ya tsage.

Ba ta daɗe da tafiya ba tashar ta fara rawaya. A cibiya akwai babban allo, kowace tasha ɗigo ce a kai. In ɗigon kore ne, ana aiki da maganarta. In ya koma rawaya, maganarta ta saɓa da ta 'yan'uwanta ke nan, kwamfuta ta ajiye ta gefe. Ta Injiniya da sassafe take yin rawaya, zuwa hantsi ta koma kore kamar ba ita ba. Babu jirgin da ya shiga haɗari, sauran tashoshi suna rufe gurbin. Amma tashar da ake ajiyewa gefe kowace safiya ba ta daɗewa ba a aiko mata da baƙi daga ofis ba.

Shugabar ɗakin sa ido ce ta kira shi da kanta. A hannunsa ta koyi aiki tana sabuwar fitowa daga makaranta, shi ya sa har gobe Ɗaliba yake ce mata, ita kuma ta ce masa Baba.

"Baba, tasharka ta koyi barcin safe," ta ce.

"Ba barci ba ne, tsufa ne. Ke ma yana nan tafe."

"Ka duba na'urorin ɗaki?"

"Na duba har na gaji. Wuta lafiya, layi lafiya."

"To saura sama ke nan. Faɗi ranar da kake so in cire ka daga layi, ka hau ka duba mahaɗin kebur. Ko in turo maka wani ya hau?"

"Ki turo wa? Ina hawa hasumiyar nan kina rarrafe."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Jibi ta yi?"

"Bari in gama da ƙasa tukuna," ya ce, ya kashe waya.

Washegari da farar safiya ya ɗaura bel ɗin hawa, ya waiwaya ya tabbatar babu mai kallonsa, ya kama tsani. Ya hau a hankali yana kallon ƙarfen da ke gaban hancinsa kaɗai. Yana kaiwa daidai rufin ɗakin, jirin ya zo masa kamar dama jiransa yake. Ya sauko, ya zauna a gindin hasumiya yana haki, yana jin haushin ƙafafunsa da kunnuwansa da shekarunsa gaba ɗaya. Da ya ɗago kai, abin da ya fara gani shi ne mangwaron, ya cika gabas, rana na ɓullowa ta bayansa.

Nan da nan lissafi ya haɗu masa. Bishiyar tana gabas, matsalar kuma da safe take zuwa. Ta zarce tsayin da ya yi mata tanadi tun tuni. A aikinsu kuwa, duk ranar da eriya ta yi ƙarya, bishiya ake fara harara. Shi kansa ya taɓa tsayawa a wata tasha aka kwantar da wata, komai ya daidaita kafin a kwashe ganyen.

Sai dai akwai hanyar gwadawa, kuma ba wanda ya fi shi saninta. Taurarin nan ba sa bin agogon rana, kullum sukan riga lokacin jiya zuwa da 'yan mintoci. In bishiya ce ke tare su, matsalar ma za ta riƙa matsowa gaba kowace safiya. Abin da zai yi kawai ya buɗe kwamfuta ya jera safiyoyin ya gani. Ya shiga ɗakin, ya dafa bayan kujera, ya tsaya kallon allon. Bai zauna ba. In ya duba ya ga ba bishiyar ba ce, babu abin da ya rage sai tsani. Ya ja ƙofa ya fito, ya gaya wa kansa cewa mai shekarunsa a aiki ba ya bukatar kwamfuta ta nuna masa abin da idonsa ya gani.

Da yamma matarsa ta kira. Ta tambaye shi kaɗaici, ta tambaye shi ko yana cin abinci ko shayi kawai yake ɗura wa cikinsa.

"Malam, ka ga jikan nan naka kuwa? Hancinka ya kwaso gaba ɗaya, Allah sarki yaro."

"Ya yi sa'a ke nan."

"Haka dai kake gani. Mangwaro ya fara nuna?"

"Da saura."

"In ya fara, ka sa a tsinko na reshen da ke wajen taga, sun fi zaƙi. Auta tana ta zancensu, in na dawo sai mu aika mata."

Ya so ya gaya mata zancen sare bishiyar. Amma matar injiniya ce shekara da shekaru, ta san yadda aikin ke bi. Yana cewa bishiya, za ta ce ka hau ka duba sama? Ya haɗiye abinsa, ya ce ta gaishe da mai jego.

Mai injin yankan itace ya iso da hantsi a kan babur. Ya zagaya bishiyar, ya ɗaga kai, ya yi fito.

"Yallaɓai, kai za a rage mata ko?"

"Har ƙasa."

"Da 'ya'yan? Haba, a bar su su nuna mana, ai sun kusa."

"Jirgin sama zai tsaya jiran mangwaro ya nuna?" Injiniya ya ce da tsawa. "A aikinmu ba a rabin gwaji. In an rage kai matsalar ta ci gaba, wa zai ce min ba sauran ba ne?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ja igiyar inji. Reshen da aka tokare ya fara tafiya. Ɗanyun mangwaro suka yi ta zubowa kan rufin gidan kamar ƙanƙara, suna gangarowa tsakar gida. Tsuntsaye suka tashi suna kewaya wurin. Injiniya ya tsaya na ɗan lokaci hannu a baya irin na mai duba aiki, sannan ya ce yana da abin yi a tasha. Ya shiga ɗakin sanyi ya rufe ƙofa don ƙarar na'urori ta danne ta injin. Duk da haka sai da ya ji faɗuwar gangar bishiyar a tafin ƙafarsa.

Da ya koma gida, tsakar gidan ta yi wani haske da bai san ta da shi ba. Ya ga fentin bango ya koɗe, ya ga tsagar da ke saman ƙofar kicin. Warin ɗanyen itace ya cika ko'ina. Kujerar matarsa tana nan inda ta bar ta, garin katako ya rufe ta, rana na dukanta. Ya ɗauke ta ya kai baranda.

Washegari ya riga kowa tashi, ya zauna gaban kwamfuta da kofin shayi. Ɗigonsa kore ne. Gari ya fara wayewa, yana nan kore. Har ya fara shirya abin da zai gaya wa Ɗaliba, da irin dariyar da zai yi mata. Can sai ɗigon ya ƙyafta, ya koma rawaya, a daidai lokacin da ya saba. Injiniya ya ajiye kofin. Ta tagar ɗakin yana hango gabas fayau, babu ko ganye tsakanin eriya da sama. Nadama ta sauko masa a kafaɗa, irin wadda ba ta barin mutum ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ya zauna a nan har hantsi, har ɗigon ya koma kore don kansa.

Ɗaliba ba ta turo kowa ba, ita ta zo a motar ofis. Tana fitowa ta tsaya da jakar kayan aiki a hannu, tana kallon guntayen itacen da aka jibge a bayan katanga. A ƙarƙashin bishiyar nan ta riƙa cin abincin rana lokacin da take koyon aiki.

"Baba, ina mangwaron Mama?"

"Na yi zaton shi ne."

Ta kira cibiya aka cire tashar daga layi, ta ɗaura bel, ta hau. Shi kuwa ya tsaya a ƙasa yana riƙe mata igiya. Ba ta daɗe a sama ba. Ta sauko, ta buɗe tafin hannu ta nuna masa wata 'yar roba baƙa wadda ke rufe mahaɗin kebur, ta tsage, cikinta ya yi tsatsa.

"Raɓa ce," ta ce. "Ta shiga da asuba, rana ta busar da ita da hantsi. Na sa sabuwa." Ta fara kwance bel. "Baba, ka jera safiyoyin kuwa? Ai matsalar ba ta matsowa gaba. Kai ka koya min wannan."

"Ban jera ba."

Ta dube shi, ta dubi tsani, ta sake dubansa. Muryarta ta sauka.

"Yaushe rabonka da hawa?"

Ya so ya yi mata irin tsawar da ya yi wa mai inji, amma ƙarfin ya ƙare. "Tun bara. Jiri nake yi."

"Innalillahi. Baba, ai an daina tayar da mutum daga tasha don ba ya hawa. Yanzu daga cibiya muke ganin kusan komai ta layi, masu hawa daban ne, zagaye suke yi. An yi bayani a taron da ka ce ba ka da lokacin zuwa. Da ka ce min uffan, da ranar zan turo maka su."

Ya kama murza igiya a hannunsa kamar akwai sauran aikinta. Da za ta tafi ta tsaya a bakin mota ta ce ya je asibiti, ta kuma tambaye shi ko Mama ta sani. Ya girgiza kai. Ta shiga mota ta tafi.

Tashar ta koma kore, safiya da hantsi da yamma. Shi kuwa ya share tsakar gida ya sake sharewa. Ya tara ɗanyun mangwaron a buhuna ya lulluɓe su ko za su nuna, suka yi baƙi suka fara wari, ya kai su juji. Kullum matarsa ta kira sai ya ce yau zai faɗa, sai su yi zancen jariri su yi sallama.

Da la'asar ta dawo. Ya ji tsayuwar tasi, ya fita ya karɓi jakunkuna. Tana gaba yana baya, tana ba shi labarin hanya, har ta tura ƙofar gida. A nan labarin ya yanke. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar wadda ta shigo gidan wasu. Sannan ta taka a hankali har wurin kututturen, ta sunkuya ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta daɗe a haka. Yana ganin kafaɗunta suna motsi, bai san inda zai ajiye jakunkunan ba, sai ya ci gaba da riƙe su.

Da ta miƙe, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Eriya ce?" ta ce.

"Tashar ce ta yi ta ba da matsala."

Ta gyaɗa kai, ta ja numfashi. "Na san wata rana za a zo nan. Kullum in na ga yana ƙara tsayi gabana yana faɗuwa." Ta dube shi, ta ga yadda ya rame, sai tausayinsa ya kama ta. "Shi ya sa ka yi zuru-zuru haka? Ka kasa gaya min a waya? Malam, rayukan mutane ne a sama. Da ka tambaye ni ma zan ce ka sare. Zan yi kuka, amma zan ce ka sare. Kawo jakar, kada ka sa wa ranka damuwa."

Ga ƙofar tsira ta buɗe masa da hannunta. Ɗaliba ba mai kai magana ba ce, mai inji kuwa bai san komai ba. In ya yi shiru, shi ke nan, har ma za a riƙa ba da labarinsa a dangi a matsayin wanda ya fifita aiki a kan inuwar gidansa. Ta miƙo hannu za ta karɓi jakar, tana yi masa murmushin ƙarfin hali, wannan murmushin ne ya kasa ɗauka.

"Ba shi ba ne," ya ce.

"Ba wa ba ne?"

"Ba mangwaron ba ne. Na sare, matsalar ta ci gaba. Wata roba ce ta tsage a sama, raɓa na shiga. Ɗaliba ce ta zo ta hau ta canza."

Hannunta ya tsaya a iska. "Kai ba ka hau ka duba ba kafin ka sare?"

"Ba na iya hawa, Maman Auta. Jiri nake yi. Tun bara."

Ta janye hannun. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, a tsanake, kamar tana neman inda ciwon yake. Babu faɗa a muryarta da ta yi magana, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Tun bara," ta ce. "Ɗaki ɗaya muke kwana da kai, Malam. Ka dube ni, ka dubi bishiyar nan, ka ga sare ta ya fi maka sauƙi a kan ka buɗe baki ka gaya min ba ka da lafiya."

Ta wuce shi ta shiga ɗaki, ta saki labule. Ya tsaya a tsakiyar gida da jaka a kowane hannu, rana na dukan ƙeyarsa, yana jiran ta kira shi ya shigo da kayan, ba ta kira ba.